Injin da Loretta Ta Ɗaura da Hannunta

Shekara talatin da huɗu Loretta Pawlak ta yi a masana'antar ƙera injin markaɗen shara ta garinmu Racine a Amurka, amma ba ta taɓa ɗaura ko guda ɗaya ba sai da ta kai sittin da uku, shi ma don ba yadda ta iya ne. Ni ce Bonnie, maƙwabciyarta. Shinge ɗaya ya raba mu tun muna amare, don haka ina da bakin ba da labarinta, ko da za ta ce na ƙara gishiri. Yanzu da abin ya wuce lafiya, dariya muke yi. A lokacin kuwa ba wadda ta ga abin dariya a cikinmu.

Injin da nake faɗa shi ne wannan da ke rataye a ƙarƙashin kwamin wanke-wanke a kusan kowane kicin na unguwarmu: ka kankare kwano, ka saki ruwa, ka danna makunni, ya markaɗe ragowar abinci ya tura cikin bututu. Loretta na da shekara goma sha tara ta shiga aikinsa. Shekara takwas na farko a sashen kwali ta yi su, ta saka inji, ta jefa 'yar jakar kusoshi, ta ɗora takardar bayani a sama, ta rufe, wani ya zo. Daga baya aka gane matar na da kunne, sai aka mai da ita ƙarshen layi, inda ake kunna kowane inji na ɗan lokaci kafin a sallame shi. Daga ƙararsa take gane mai lafiya da mai ciwo. Har ta yi ritaya ba ta bar wannan hali ba. In ta shiga gidan mutane aka kunna nasu, sai ta karkata kai ta yi shiru, sannan ta yanke masa kwanaki. Ta taɓa gaya wa matar fasto, a gaban baƙi, cewa nata saura wata shida. Matar ta yi fushi, injin kuma bai ma kai wata biyar ba.

A gida kuwa duk wani gyara na mijinta Duane ne, Allah ya jiƙansa. Shi ya ɗaura nasu injin shekarar da 'yarsu Kendra ta gama firamare, shi ya ɗaura nawa, shi ya ɗaura na rabin layinmu, ladansa kofi da hira. Loretta takan ce ita ke haihuwarsu, Duane ke aurar da su. Shekara tara ke nan da zuciyarsa ta tsaya yana share dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Tun daga ranar, in abu ya lalace a gidan sai Loretta ta koyi zama da shi a haka. Injin ya fara ɗiga, ta tara masa bokiti. Shekara guda cur tana zubar da bokitin nan kowace safiya, ita da ta fi kowa sanin kwanansa ya ƙare.

Kendra ita kaɗai Allah ya ba su. Loretta aikin yamma take yi a shekarun nan, daga ƙarfe uku zuwa sha ɗaya, saboda haka a kicin ɗina yarinyar ke cin abinci in ta taso daga makaranta. Ni na koya mata kitso, ni na sa hannu a rabin takardunta na makaranta. Da ta girma ta sami aiki a gidan kula da tsofaffi, ta ji ciwo a baya wajen ɗaga wani dattijo, aka rubuta mata ƙwayoyin rage zafi. Daga ƙwayoyin likita ta koma na titi. Loretta har yau gani take laifinta ne, wai da tana gida da yamma da ba haka ba. Na gaya mata sau ɗari cewa uwayen da ke gida ma nasu sun faɗa, amma ba ta jin wannan magana da kunnen nan nata mai jin komai.

A watan Oktoban bara ne ofishin kula da yara na gunduma ya ɗauke Josie, 'yar Kendra mai shekara huɗu, aka ba wasu mutane riƙonta a wani gari mai nisan awa guda, Kendra kuma aka kai ta gidan jinyar masu shaye-shaye. Kotu ta ce kaka na iya karɓar jikarta, amma sai jami'a ta zo ta duba gidan ta gamsu. Aka sa rana: Litinin ɗin da ke bin Ranar Godiya, bikin da muke yi ranar Alhamis a ƙarshen Nuwamba, ƙarfe goma na safe. In gidan bai wuce ba, sai a ɗage maganar zuwa bayan sabuwar shekara, Josie ta yi Kirsimeti a hannun baƙi. Mutanen kuma, ba mugaye ba ne, har sun fara tambayar yadda ake mai da riƙo ya zama na dindindin. Wannan ita ce maganar da ta hana Loretta cin abinci.

Mako uku ta yi tana shiri. Ta yi wa tsohon ɗakin Kendra fenti ruwan ɗorawa, ta sayi ƙaramin gado, ta kafa na'urar jiyo hayaƙi a kowane lungu har da inda ba a nema ba, ta kai wa ƙanin Duane bindigoginsa na farauta. Ta ce ta daina shan taba, ni kuma na yi kamar ban ga hayaƙin da ke tashi a bayan gareji ba.

To, ni ce na kashe injin, gara in faɗa da bakina. Ranar Godiya ta gayyace ni da mijina Gene cin talotalo, don kada ta zauna ita kaɗai da tunani. Na ce zan taya ta aiki. Na feraye dankali cikin babban kwano, tana can tana fama da tanda, na tura ɓawon gaba ɗaya cikin kwami na danna makunni. Shekara talatin tana yi wa unguwar nan wa'azi kan kada a zuba ɓawon dankali a inji, ni ma ina cikin masu gyaɗa kai. Injin ya yi gurnani, ya koma wani irin nishi, sannan ya yi shiru, ƙaurin waya ya cika kicin. Da ta buɗe ƙofar ƙasan kwami, ruwa ne ke zuba ta gindinsa, daidai inda wayar wuta ke shiga. Ta ɗauko tsumma ta hau goge ruwan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ta kira masu gyaran famfo biyar. Kowa a garin nan ya san ba ranar da suka fi tsada kamar kashegarin Godiya, kowane gida ya ɗura wa bututunsa kitsen talotalo. Wanda ya fi sauran tausayi ya ce zai iya zuwa Alhamis ta sama. Ta ajiye wayar ta zauna. Gene ya fara gyaran murya wai shi zai gwada, muka haɗa baki muka ce ya zauna. Mutumin kirki ne, amma in ya ɗauki guduma sai a fara neman lambar asibiti.

Ni na kawo shawarar a cire injin kawai, a haɗa bututu zalla, in jami'a ta tambaya a gaya mata gaskiya. Loretta ta ce a'a. Ta ce ta san abin da matar za ta rubuta: tsohuwa ce, ita kaɗai, abu ya lalace ba mai gyara mata, ina za ta iya da yarinya. Na ce ba wanda zai rubuta haka. Ta ce in ɗauko makullin mota.

A kantin kayan gini mai sayarwa ya fara yi mata bayanin bambancin ƙananan injuna da manya. Ta bar shi ya yi nisa, sannan ta gaya masa sunan layin da aka haɗa wanda ke hannunsa da sunan matar da ke naɗa masa waya. Ya ɗauki kwalin ya kai mana har mota.

Asabar da hantsi muka fara. Ta yanka kwali, ta ɗauki takardar bayanin da ke sama, ko kallonta ba ta yi ba ta jefa a kwandon tsofaffin takardu. Ni kuwa shekara ashirin da shida na yi a kantin magani, ko gwangwanin wake na saya sai na karanta bayansa.

Na ce, "Ke Loretta, ba za ki ko duba ba?"

Ta ce, "Irin takardar nan na saka a kwali ya fi sau dubu ɗari, Bonnie."

"Kin saka. Kin taɓa buɗe ɗaya?"

"Riƙe mini tocila, uwar karatu."

Na riƙe. Mai laifin ɓawon dankali ba ta da bakin gardama.

Gaskiya dai ta burge ni. Kafin ta taɓa komai ta sauka ɗakin ƙasa ta kashe layin wutar kicin, ta datse akwatin da ɗan kwaɗon da ta taho da shi daga wurin aiki, ta jefa makullin a aljihu, ta dawo ta danna makunni sau biyu don ta tabbatar. Sannan muka kwashe tarkacen ƙasan kwamin, ruwan bilic, sabulun goge tanda, har da maganin ɓera tun na zamanin Duane. Ta sa na kai su can saman wata kanta a ɗakin ƙasa, wai suna tare mata wuri. Ta kwanta rigingine a kan tsohon bargo, rabin jikinta a ciki, ta kwance bututu, ta zare tiyon na'urar wanke kwanoni, ta murɗa zoben da ke riƙe da tsohon injin. Abin ya sako gaba ɗaya, saura kaɗan ya faɗo mata a ƙirji, baƙin ruwa mai wari ya wanke mata wuya. Kalmomin da ta faɗa a nan ba na cikin waɗanda ake maimaitawa a coci.

Daga nan aka shiga aikin haƙuri. Ta kankare tsohon liƙin bakin kwami da wuƙar man shanu, ta murza sabo a tafin hannu kamar ƙullun burodi, ta zagaye bakin da shi, ta sa na danne daga sama da duk nauyina. Akwai wani siririn zoben ƙarfe da ake maƙalawa daga ƙasa, shi ya fi ba mu wuya. Sau uku yana tsalle, na ukun ya bugi tabarau ɗina. Haɗa waya kuwa ko ido rufe za ta yi, baƙa da baƙa, fara da fara, koriya a jikin kusa, tana yi tana ba ni labarin wata shugabar sashensu da ta mutu tun tuni. Sai aka zo ɗaga sabon injin. Kafaɗarta ta dama ta lalace tun a layi, ta ɗaga sau biyu hannun ya ƙi. Na ce mu kira Gene ko don ƙarfinsa. Ta kalli rufin kwamin, ta ce in je but ɗin motarta in ɗauko jak ɗin ɗaga mota. Muka ɗora injin a kan guntun katako, ina juya jak a hankali tana daidaita shi, har ya shiga mazauninsa ta murɗa zobe ya ce ƙas. Ta mai da bututu, ta cusa tiyon na'urar wanke kwanoni a ɗan wuyan da aka yi dominsa a gefen injin, ta ɗaure tam.

Da aka dawo da wuta ta saki ruwa ta danna. Ta karkata kai tana saurare. Ta ce lafiyarsa ƙalau. Muka cika kwami muka sake, ta shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙasa, ko ɗigo babu. Ranar mun sha kofi da kek ɗin zobe na gidan burodin 'yan Denmark, ta cinye yanka uku, cin kirki na farko da na ga ta yi a wata guda. Lahadi kafin a tashi daga coci babu wanda bai ji labarin jak ba.

Litinin na shigo wajen tara saura. Ta sa farar rigarta ta zuwa coci, ta gyara gashi, gidan sai ƙamshin lemon tsami. Manyan farantan Godiya da ta riga ta wanke da hannu ta sake loda su a na'urar wanke kwanoni, wai tana so su yi ƙyalli in matar ta buɗe kabad. Tun ranar Alhamis ba a kunna na'urar ba sai yau. Muna zaune tana maimaita mini amsoshin da za ta bayar, sai na'urar ta gama wanki ta fara turo ruwanta waje. Ruwan nan ta cikin injin markaɗe ya kamata ya bi ya wuce. Sai ga shi yana feshi ta ɗan murfin ƙarfen da ke gefen famfo, ruwan zafi mai kumfa da maiƙo, ya malale kan kantar kicin, ya gangaro ta jikin kabad, ya bazu a ƙasa. Kafin ta kai ga makunnin na'urar, rabin kicin ya zama tafki, farar riga ta tashi daga aiki. Agogon tanda ya nuna tara da minti ashirin.

Ta tsaya cikin ruwan tana cewa ba daga injin ba ne, ta ji shi da kunnenta, na'urar ce ta zaɓi yau ta mutu. Ni ban tsaya musu ba. Na tuna ranar Litinin motar kwasar takardu ke zuwa, kwandon kuma tuni an fitar da shi waje, ina ma jin ƙuginta a farkon layi. Da silifas na fita cikin dusar ƙanƙara, ni da shekara sittin da shida da gwiwa ɗaya ta roba, na kifar da kwandon a bakin titi na yi ta tono cikin jaridu. Direban ya tsaya yana kallona, na ce ya yi gaba abinsa. Na samo takardar, gefenta ya jiƙe.

A tsaye na karanta mata, kuma na yarda muryata ta ɗan yi sama. Mataki na tara, har da zane. Ɗan wuyan nan da ake cusa tiyo a toshe yake fitowa daga masana'anta, saboda gidajen da ba su da na'urar wanke kwanoni. Mai na'ura sai ya sa sukundireba da guduma ya fasa toshiyar, ya ciro guntun, kafin ya haɗa tiyo.

Loretta ta karɓi takardar ta daɗe tana kallon zanen. Na shirya jin musu, amma da ta yi magana a hankali ta yi.

Ta ce, "Na san toshiyar nan. In inji ya zo gabana babu ita, gefe nake ture shi, ya lalace ke nan. Shekaranjiya ma sai da na sa yatsa na ji tana nan, na ce madalla, sannan na cusa tiyon." Ta share fuska da bayan hannu. "Shekara talatin da huɗu, ban taɓa tambayar wa ke cire ta ba."

Tausayinta ya kama ni har na manta ina da gaskiya. Na ce ta tashi mu yi, akwai sauran lokaci.

Ta sauka ta kashe wuta ta datse, ta dawo ta kwanta cikin ruwan da rigar cocin, ta kwance tiyon, ta saita sukundireba. Bugu uku toshiyar ta faɗa cikin injin. Ina ta jan ruwa da duk tawul ɗin da ke gidan, har da sabbin masu hoton agwagwa da ta saya wa Josie. Saura a ciro guntun a mai da tiyo, minti goma ya isa. Sai ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, goma saura kwata.

Na raɗa mata cewa zan tare matar a falo, in ba ta kofi, in ja ta da hira, in ce ana ɗan goge-goge a kicin. Daga ƙarƙashin kwami ta ce kada in kuskura in yi mata ƙarya, in shigo da ita.

Jami'ar, Malama Tillman, doguwar mace ce baƙa, za ta yi hamsin, da jaka a kafaɗa da fuskar da ba ka karanta komai a kai. Ta cire takalmanta a ƙofa kamar yadda mai tarbiyya ke yi lokacin sanyi, ta biyo ni, takunta na farko a kicin safarta ta sha ruwa. Loretta ta fito da kai, gashi a manne a goshi, ta gaishe ta, ta gaya mata abin da ya faru tiryan-tiryan, har da cewa an ba ta takarda ta ƙi karantawa. Matar ta dubi ƙasa, ta dubi kwamin, tambaya ɗaya ta yi, ko an kashe wuta. Loretta ta zaro makullin kwaɗon daga aljihu ta nuna mata.

Ta miƙe ta ɗauki abin juya nama tana laluben guntun ta bakin kwami, ni ina haska mata, amma hasken na yawo ko'ina ban da inda ake so. Malama Tillman ta ajiye jakarta a kan kujera ta karɓi tocilar daga hannuna ba tare da ta nemi izini ba. Ta ce a ɗan yi hagu. Ga shi nan. Loretta ta ciro wani ɗan farin abu da bai fi murfin kwalba ba, ta ajiye a kan kantar kicin. Ta mai da tiyo, ta dawo da wuta, ta kunna na'urar ta ƙarasa zubar da ruwanta. Mu uku muka tsaya muna jin ruwa na wucewa ta bututu kamar masu sauraron huɗuba.

Awa guda matar ta yi tana zagaya gidan, sanye da safar ulu ta Loretta, tata na bushewa a kan hita. Ta danna kowace na'urar hayaƙi, ta auna zafin ruwan famfo, ta gwada tagogin sama, ta tambayi inda ake ajiye magunguna, ta zauna a kan ƙaramin gadon ta girgiza shi. Ta dawo kicin ta buɗe ƙasan kwami ta ga wayam, ta tambayi ina bilic da sauransu. Aka kai ta ɗakin ƙasa ta ga inda suke, can sama inda ni ma sai da kujera na kai, ta yi rubutu. Ta yi tambayoyi kan Kendra, Loretta ta amsa ba ta kare ta ba, ba ta kuma yar da ita ba. Injin kuwa ko sau ɗaya ba ta sake kallonsa ba.

Loretta ta kasa haƙuri ta tambaye ta ko za ta rubuta maganar ambaliyar. Matar ta ce injin markaɗe ba ya cikin abubuwan da take dubawa, yoyo kusa da waya ne da ta gani da ta rubuta, amma da an cire shi an sa bututu zalla ma ba ruwanta. Na juya na kalli Loretta. Ita kuma ta sami wani abu mai muhimmanci a jikin silin tana kallo.

Malama Tillman ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, rahoto za ta rubuta, alƙali zai gani ran Laraba. Ta sa takalmanta, ta buɗe ƙofa, sanyi ya shigo. Sai ta juyo.

Ta ce, "Malama Pawlak, kina da kujerar yara ta mota?"

Loretta ta ce tukuna.

"Ki nema kafin Juma'a. Ni dai ban ce miki komai ba."

Da ƙofar ta rufu Loretta ta jingina da bango ta sulale har ƙasa, ta sa kai a gwiwa. Kukan da ta riƙe tun Oktoba ya zo gaba ɗaya. Na zauna kusa da ita, da gwiwar robar da komai, na taya ta. Ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar ba, kuma sai da Gene ya zo ya ɗaga mu ɗaya bayan ɗaya.

Juma'a da rana aka kawo Josie, da 'yar jakar baya da wani zomon tsumma mai kunne ɗaya. Ta rame, ba ta magana sosai, amma ta gane kakarta, ta riƙe mata yatsa ba ta saki ba. Loretta ta dafa mata makaroni da cuku, yarinya ta cinye ta nemi ƙari. Ina wurin. Da aka gama Loretta ta kankare farantin a kwami, ta ce Josie ta zo ta ga abin da Kaka ta ɗaura da hannunta, ta saki ruwa ta danna makunni. Da muka waiwaya babu yarinya a kujera. A bayan injin wanki muka same ta, ta cusa kanta a ɗan tsukin da ke tsakaninsa da bango, hannu biyu a kan kunne, ido a rufe, ba kuka ba motsi. Ta san yadda ake ɓuya, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Sai da Loretta ta yi kusan rabin awa a durƙushe tana mata magana ƙasa-ƙasa kafin ta fito, abin da ta fara tambaya kuma shi ne ko mutumin ya tafi. Ban san wane mutum ba ne, amma na gane ƙarar injin ce ta tuna mata da shi.

Loretta ta ce ya tafi, kuma ba zai dawo ba. Ta ɗauko filastar ciwo ta yara mai hoton taurari, ta ba Josie ta liƙa a kan makunnin da kanta.

Wata biyar ke nan. Kendra na nan tana jinya, tana kira duk Lahadi, an ce tana ƙoƙari. Josie ta yi kumatu, ta shiga makarantar rainon yara ta cocinmu, ta kuma gano cewa a gidana ake ajiye alewa. Ragowar abinci a wani tsohon kwano Loretta ke tarawa ta kai bola da yamma, filastar na nan inda aka liƙa ta. Rannan na shiga na tarar da Loretta da Josie a kujerar falo, na kasa riƙe bakina, na ce duk wahalar nan da jak da ambaliya da gudun da na yi a dusar ƙanƙara, a ce sabon inji ko minti biyar bai yi aiki ba. Ta ce yana nan, ba inda za shi. Sannan ta ce in rage murya, yarinya na barci.